Dattijon da Ba a Yi wa Salla Ba

Mu biyu muka fi shaƙuwa a ajinmu na sakandare a Maiduguri: ni ɗan Kanawan da suka zauna a unguwar Fezzan, shi kuma Babarbare daga Galtimari. Shi ke zuwa na ɗaya kullum. Ya haddace sunayen ƙasusuwan jikin mutum kaf, kuma ranar da ya zana zuciya a allo, malamin kimiyya ya hana a goge har mako ya ƙare. Da aka ce ya samu gurbin karatun likita a kudu, babu wanda ya yi mamaki. Lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa garinmu ba. Muka raka shi tasha, mahaifiyarsa na ta cusa masa bandar kifi da dabino a jaka.

Ni na kama koyarwa a firamare. Shekara ba ta rufa ba, wata Juma'a na hango shi a sahu, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan an sallame na ja shi muka zauna a bakin kogi.

"Hutu aka ba ku?" na tambaye shi.

"Na dawo ke nan," in ji shi.

Sai ya ci gaba: "Wani ɗaki suka kai mu, mai sanyi, warin magani kamar ya fasa hanci. Aka yaye ƙyalle. Aboki, dattijo ne. Tsagar Barebari a fuskarsa, irin ta babana sak, ga tabon sujada a goshi. Na tambayi malamin ko an yi masa salla. Ya ce gawa ce marar dangi, a tashar mota aka tsince ta. Sai ya miƙo mini wuƙa."

"Ka ƙi karɓa?"

"Na karɓa mana. Wata da watanni ina yanka, daidai kuma nake yi, har yabo na sha." Ya goge tafin hannunsa a gwiwa. "Amma da na ta da kabbara sai in gan shi kwance a gabana. Mutumin da ke cikin littafinmu ba shi da fuska. Ba wanda ya ce mana wannan zai zo da tasa."

Ni da shi takardar gama sakandare iri ɗaya muka riƙe, wadda ta ce mun shirya.

A unguwa aka yi ta cewa jifa ne, wasu suka ce aljanu. Mahaifinsa bai sake ambaton karatun ba. Daga baya ya samu aiki a filin jirgin sama, yana auna ruwan sama da iska. Ya yi aure, ya haihu, amma bai ƙara cin nama ba. Duk sanda baƙo ya mutu a asibiti aka rasa danginsa, abokina ake aika wa. Ya yi wankan, ya sa likkafani, ya bi layi yana roƙon mutane su fito salla. Sau da yawa ni kaɗai ne a bayansa.

Bai kai tsufa ba ya rasu. Ni kuwa na daɗe ina koyarwa, na raka ɗalibai da yawa tasha, ban taɓa ba ko ɗayansu wannan labari ba.