Ranar da Baba Ya Je Ganin Katafila

A shekarun farin nan ne, lokacin da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Inna ta rasu, 'yan'uwana maza sun tafi ci-rani, ni kuma na gama takaba na dawo gida. Sai ya zama daga ni sai Baba a gidan da a da ba ka jin muryarka don hayaniya. Ni kuwa ga surutu, har da kaji nake hira.

Baba ya yi soja a yaƙin Turawa. Ba bindiga aka ba shi ba, leburan soja ne su, masu kai wa tankokin yaƙi mai da harsashi a wata hamada can gabas. Labari ɗaya gare shi, kuma da sandarsa yake zana shi a tsakar gida. Nan teku, nan wani kwari mai yashin da ke haɗiye mota, tsakaninsu ɗan siririn fili.

"Kin ga nan? Nan kaɗai ake wucewa. Da sun ɓalle ta nan, sai mashigar jiragen ruwa, sai rijiyoyin mai, har hanyar alhazai. Shi ya sa aka tara tankoki kamar shanu ranar kasuwa."

Ya ce an daɗe ana ɓarin wuta, ƙarfe yana ci kamar kara, da 'ya'yan mutane a ciki. Daga wannan karon abokan gaba ba su ƙara matsowa ba, sai ja da baya.

To amma a garinmu ba wanda ya taɓa ganin tanka. In ya soma a gindin durumi, sai tsaransa su kama shi. "Soja, ƙarfe ya ci wuta? To a gaya wa maƙera su huta da zuga!" Wani ya ce, "Motar da ba taya, ƙafar jaki aka sa mata?" Abokin tafiyarsa ɗaya, mutumin wajen Kunci, shi ne shaidarsa, shi ma ya kwanta dama. Ni ina saurara, amma ya taɓa ce min, "Ke don ni na haife ki kike ji." Mutum ɗaya yake nema da zai ce masa, haka ne, Baba.

Wata safiya ina daka sai na jiyo wata ƙara daga wajen kogin Watari, ba irin ta babbar mota ba, ƙarfe ne yake taunar ƙarfe. Na tsayar da taɓarya. Baba ya ajiye buta ya karkata kunne.

"Sarƙa ce," ya ce, "irin wadda tanka ke tafiya a kai."

Aka ce ai aikin madatsar ruwa aka fara, katafila ce ke ture ƙasa. Kashegari ya sa na fito masa da babbar rigarsa ta Juma'a. Idonsa ya yi rauni, don haka ni na riƙe masa kan sanda muka kama hanya. Tunda nake ban taɓa jin ya yi sauri haka ba.

Muka jira har direban ya kashe inji ya sauko cin abinci. Saurayi ne mai fara'a, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya roƙi arziki a bar shi ya taɓa. Ya shafa sarƙar nan da tafin hannu, a hankali, ga zafi amma bai janye ba. Sannan ya tsuguna ya zana tekunsa da kwarinsa, ya ba da labarin tun daga farko. Saurayin yana tauna rogo yana gyaɗa kai.

"Ikon Allah. Ni dai Baba, tawa ba ta harbi, ƙasa take turawa. To wa ya ci?"

"Mu muka ci."

"Madalla. Me aka ba ku?"

Ba da rashin kunya ya tambaya ba, na ji muryarsa.  Ana nan aka busa usur, saurayin ya cusa wa Baba ragowar rogon a hannu, ya ce a sa shi a addu'a, ya haye. Ƙarar ta rufe komai.

A hanyar dawowa na yi ta zuba, zancen tsadar dawa, zancen akuyar maƙwabta. Da muka kusa gari muka hango tsofaffin nan a gindin durumi suna jiran su ji yadda aka yi. Sai na ji ya ja sandar baya.

"Bi da ni ta bayan gari," ya ce.

Na bi da shi ta cikin gonaki, busassun karare suna kama masa riga, har muka shiga gida ta ƙofar dabbobi.