Gyaran Murya a Ƙofar Saje

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Saje. Ranar Laraba, tara ga watan Satumba, wajen azahar, ina cikin yi wa wani aski, babban ɗanka ya tsaya a ƙofar shagona ya ce, "Kawu, Baba ya rasu." Na ajiye injin a kan benci ban kashe shi ba, yana ta kuka shi kaɗai. Mutumin da ke kan kujera ya tafi da rabin aski, har yau bai dawo ya yi mini ƙorafi ba.

Ni ba marubuci ba ne, mai aski ne. Amma tare muka tashi a layi ɗaya, kuma akwai abin da na sani game da kai wanda idan ban faɗa ba zai tsaya mini a wuya.

Waɗanda suka san ka bayan ka ajiye kaki, dattijo suka sani mai shiru, wanda ake gaida shi daga nesa. Ni wani na sani. Na san saurayin da ba shi da wasan da ya fi so kamar ya lallaɓo ta bayan mutum, ya rufe masa ido, ya maƙe murya ya ce, "Wane ne?" Kowa ya san kai ne, don babu mai tafin hannu kamar faranti sai kai. Ranar da za ka tafi aikin soja ma haka ka yi mini a tasha, ina neman kuka kana neman dariya.

Da ka dawo daga fagen daga da ƙafafunka biyu da hannuwanka biyu, muka yi ta hamdala, muna cewa ko ƙwarzane babu. Inda ido ke gani kawai muka duba. Sannu a hankali muka lura ba ka zama sai bayanka na jikin bango, a masallaci kuma kullum kana sahun ƙarshe, daf da ƙofa. Askin farko da na yi maka, ina zagayawa bayanka da ƙyalle ka damƙe mini wuyan hannu, na ga idonka yana kallona amma ba ni yake gani ba. Da ka dawo hayyacinka ka yi ta ba ni haƙuri har na ji kunya. Daga ranar, in ka shigo sai in juya kujerar ta bai wa madubi baya, ta fuskanci ƙofa, in riƙa faɗa maka inda hannuna zai je: yanzu bayan kunne, yanzu ƙeya. Nakan ce maka ko taswira na zana maka a ka ba za ka sani ba. Kai kuma ka ce ai dama askina bai cancanci madubi ba.

Sai abin da ya faru da babban ɗanka. Yana ɗan firamare a lokacin, ya ji kakarsa tana ba da labarin wasan da ubansa ke so yana saurayi. Ya same ka zaune a tsakar gida, ya lallaɓo ya rufe maka ido. Kafin ya buɗe baki ka yi jifa da shi, hannunsa ya karye. Kai ka ɗauke shi a guje zuwa asibiti, babu takalmi a ƙafarka, kana kuka fiye da shi. Hannu ya ɗoru, ya warke sarai. Amma tun daga nan gidanka ya kafa wa kansa doka: duk wanda zai zo inda kake sai ya tsaya a ƙofa, ya yi gyaran murya, ya jira ka ce "shigo". Mai ɗakinka ta bi, yara suka bi, har baƙi ana koya musu tun daga waje. Don ƙauna aka yi, na shaida. Sai dai dokar ta yi ta faɗi, har ya zama abinci ajiye maka ake yi, ba a miƙa maka hannu da hannu. Shekara da shekaru, ban san wani hannu da ya taɓa jikinka ba sai nawa, ni mai aski.

Duk da haka ba ka rage mu da komai ba. Ranar da wuta ta kama shagon tela, muna ta ihu muna karo da juna, kai ka jera mu layi da bokitai, ka shiga ka fito da tsohon telan a kafaɗa, muryarka ko rawa ba ta yi. Kuma kai ne wanda in tayar mota ta fashe a titi sai in same ka a ƙarƙashin bencina, gumi ya jiƙa maka riga. Matan abokan aikinka da ba su dawo ba sun san ka da guduma da ƙusa. Gida gida kake bi kana gyara musu ƙofa da sakata, in wata ta yi godiya ka ce ai mijinta ya fi ka iyawa. Ba ka taɓa ba ni labarin abin da ya faru a can ba. Sau ɗaya kawai ka ce, "Wanda ke tsare mini baya shi aka ɗauke." Ban tambaye ka ƙari ba, don ban san abin da zan yi da amsar ba.

Mun nema maka magani, Allah ya gani. An yi addu'a, an yi rubutu, na raka ka wurin likitan ƙwaƙwalwa. Mutumin kirki ne, amma kafin a kai gare shi sai an zauna a ɗakin jira, mutane gaba da baya, kai kuwa ba ka iya wannan zaman. Ƙwayar da ya ba ka barci take sawa, barci kuma shi ne abin da ka fi tsoro. Muka yi ta zagaye ciwon, mun rasa ta inda za mu kama shi.

A bana ne, yaron ya zama magidanci har yana da garejinsa, ka ce mini ina tsakiyar gyara maka gemu, "Hannun nan da na karya nake so in riƙe, ko sau ɗaya. Amma in na matsa sai ya ja baya, in ya matso sai jikina ya sandare." Na ce abu mai sauƙi, zan kira shi shago in ba shi buroshi ya kakkaɓe maka gashi a wuya, ina tsaye. Ya zo kuwa. Ya tsaya a ƙofa ya yi gyaran murya, ka ce ya shigo. Ya karɓi buroshin, ya ga kafaɗunka sun ɗaga, sai ya ajiye a hankali ya ce, "Kawu, bari dai sai wani askin." Ku biyun kuka yi murmushi don ku sauƙaƙa wa juna. Wani askin bai zo ba.

Ranar Larabar, mai ɗakinka ta kawo maka karin kumallo, ta yi gyaran murya, ba ka amsa ba. Ta ɗauka irin ranakun nan ne da ba ka son magana, ta ajiye a ƙofa ta koma. Ta sake dawowa, ta sake jira. Sai da ɗanka ya zo ya leƙa ta taga aka gan ka a kujerarka, bayanka na jikin bango, fuskarka na kallon ƙofa. Likita ya ce zuciya ce. Ta tambaye shi ko da ta shiga da wuri da an cece ka, ya ce Allah ne masani. Ni ma ta tambaye ni, Saje. Abin da aka koya mata don ta kiyaye ka shi ta yi.

Da aka zo yi maka wanka, na ce da ɗanka shi ya fi cancanta. Muka je ƙofar ɗakin, ina riƙe da buta. Sai na ji ya yi gyaran murya, ya tsaya yana jira. Na dafa shi na ce, "Shiga, ya san kai ne." Ya shiga, ya durƙusa, ya sa hannunsa na hagu, wanda ya karye, cikin tafin hannunka. Ya daɗe a haka, babu wanda ya ce masa ya yi sauri.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka a gajiye. Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ya kasa faɗa mana, ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, ka haɗa shi da abokansa da suka riga shi cikin rahamarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, Allah ya cire mata wannan tambaya daga zuciya. Ga ɗansa da ƙannensa, Allah ya ba su haƙuri. Da ga tsofaffin sojojin da suka tsaya a bayan sahu ranar jana'iza, waɗanda na san da yawansu suna ɗauke da irin kayansa, kuma ban san yadda za mu sauke musu ba.

Kujerar tana nan tana kallon ƙofa, na kasa juya ta. Allah ya ba ka makwancin da za ka yi barci a cikinsa, Saje, ba tare da kana tsaron ƙofa ba. Amin.