Wa Zai Karɓi Ludayin Inna Ɓawo?

Kafin masu tatsa su gama wanke bokitansu, Inna Ɓawo ta riga ta turo baronta ta ƙofar bayan gonar shanu, cike da ɓawon da ta kwaso wajen masu matse lemu a bakin titi. Sai ta shige ɗan ɗakinta mai rufin kwano, ta kankare farin da ke cikin ɓawon, ta dafa da ruwan tsami, ta tace, har ya yi kauri yana bin ludayi. Likitan dabbobin da ya koya mata yana kiransa pektin. Ita dai "kauri" take ce masa. In ka tambaye ta sana'arta, sai ta ce, "Ni farin ciki nake kankarewa, ɗan nan," ta fashe da dariya.

A madarar 'yan maruƙa take dama shi. Ɗan maraƙi in gudawa ta kama shi, nan da nan idonsa zai zurma, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa. Likita ya ba da magani ya wuce wata gonar. Wadda za ta durƙusa cikin kashi, ta tallabe haɓar marar lafiyan, tana ɗura masa kaɗan-kaɗan har cikin ya tsaya, ita ce. Direban tankin madara ya taɓa ganin ta cire mayafinta ta lulluɓe wata 'yar maraƙa da ke karkarwa. Yau wannan 'yar maraƙar ce saniyar da ake fara nuna wa baƙi.

To me aka saka mata da shi? Suna. "Inna Ɓawo" ba don ƙauna aka raɗa mata ba, tsokana ce. In ta zauna a bencin cin abinci sai a fara matsawa, wai tana tsami. Mutanen da albashinsu ke fitowa daga nonon shanun da ta raya, su ne ke toshe hanci! Abin da ciwo wallahi, kuma abin kunya ne.

Inna, ke ce uwar marasa baki. Ke ce tsami ya cinye fatar yatsunki, gwiwoyinki suka ƙare a kan siminti, ba ki taɓa cewa a ba ki kujera ba.

Yanzu za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan. Manaja ya ce in babu mai gadon aikin, ɗakin zai koma wurin ajiye babura. A taron bankwana aka miƙa mata agogon bango. Ta karɓa, ta ajiye a ƙasa, ta zaro ludayinta daga jaka.

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma ni mutum ɗaya nake roƙo. Wa zai karɓi wannan in koya masa?"

Wannan ya duƙa kan waya, wancan ya tuna yana da tari.

"Haba 'ya'yana, ba ya cizo fa. Wari ne kawai, kuma sabulu na fitar da shi."

Aka yi dariya, aka tafa, aka fara rabon lemun kwalba. Ba wanda ya miƙo hannu. Ta mayar da ludayin jaka, ta fice tun ba a tashi ba, domin akwai ɗan maraƙin da lokacin shansa ya yi.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma matasan gonar, shanu da yawa na da ciki, kuma 'ya'yansu ba za su jira ku daina ƙyama ba. Tun ranar taron, kujera biyu take ajiyewa a gaban tukunya. Wata ya kusa ƙarewa, ɗayar har yau babu kowa a kanta.