Daso Mai Jinya da Ƙafar Atika

Daso ta kai shekara arba'in kafin ta fara jinya. Mijinta ya rasu a shekarun da jama'a ke barin Sifawa suna komawa Sakkwato, ita kuwa ta zauna Boɗinga wurin gwaggonta, Inna Ruƙayyatu, tsohuwa mai maganin miki da ƙuna. Idon Inna ya riga ya dushe. Daso ke zuwa duba marasa lafiya, ta dawo ta ba da labari, Inna ta faɗi abin yi.

Wata damina aka kawo wata mata, Atika, daga rugar Shagari, saniya ta soke ta a cinya wajen tatsa. Kullum Daso ta wanke mikin da ruwan bagaruwa, ta sa zuma, ta ɗaure. In Inna ta tambaya, sai ta durƙusa ta ce, "Da sauƙi, Inna."

Ba sauƙin. Ta ga kumburi, amma tana jin nauyin faɗa, kada ya zama ta raina maganin babba.

Rana ta biyar Inna ta ce a ja ta zuwa ɗakin da Atika ke kwance. Tun daga bakin ƙofa ta ji wari. Ta shafa cinyar, zafi rau. Da suka fito, sai ta juya ga Daso.

"Ɗiyata, mi kinka gani kwana ukun nan?"

Daso ta fashe da kuka, ta faɗi duka.

"Da sauƙi gaisuwa ta," in ji Inna. "Ki yi wa dangi ita. Ni launi nika so, da wari, da ko ta ci tuwo. Ni ma da laifina, da ban tambaye ki dalla-dalla ba."

Aka kira wanzami ya tsaga wurin, mugunya ta fita. Atika ta yi wata biyu kwance. Ta tashi, amma da ɗingishi, kuma Daso ba ta daina ganin da hannunta a ciki ba. Duk kaka sai ta taka har Shagari ta dubo ta.

Bayan rasuwar Inna, aikin ya dawo hannun Daso. Mata uku ta koyar. Wadda duk ta kawo mata mugun labari da wuri, Daso kan sa mata albarka kafin ta tashi neman magani.