Gefen da Ɗana Ya Daina Gani

Shekarun baya, zamanin da Nasara ke Dakoro, an yi wani zama a tsakar gidanmu bayan la'asar. Akwai maigidana, da ƙanensa da ya zo daga Rumbu a kan raƙumi, da limamin unguwa, da uban matar ɗana. Ita matar ɗan nawa tana bakin murhu da kumburarren leɓe. Ni ina gindin turmi, ina sheƙar geron da na riga na sheƙe tun safe. Wanda aka taru dominsa yana ɗaki kwance. Ɗana ne na fari.

Ku yaran yanzu sai an yi muku bayani. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ita ya kira Inna har ta rasu. Ni kuwa na riƙe kunyar nan fiye da kowa, har ina tsawata wa matan da suka yi mata sakaci. Ko fura zan ba shi, aikawa nake. Da wutsiyar ido na ga rarrafensa, da ita na ga ya yi gemu.

Da rani abin ya same shi. Yana shayar da shanu, takarkari na jan guga, sai itacen da igiya ke bi ta kansa ya karye ya buge shi sama da kunnen dama. Aka ɗauke shi a ka zuwa likita. Ma'aikacin wurin, wani baƙo mai guntuwar Hausa, ya aske, ya ɗinke, ya ce fata za ta warke, abin da ke ciki kuma sai haƙuri.

Fata ta warke. Magana ta dawo da kaɗan-kaɗan, hannun hagu ya yi nauyi. Amma sai ya riƙa karo da bakin ƙofa, yana ramewa, kuma in an taɓa shi wani lokaci ya zabura ya kai duka. Ran nan da safe matarsa ta kai masa ruwa, ta dafa kafaɗarsa, ya buge mata baki. Shi ya sa aka taru. Ƙanen maigida ya ce iskar rijiya ce ta shige shi, a kai shi wajen wani mutum a Badar Gula mai sa irinsu a turu har su lafa. Surukinmu ya ce shi dai ɗiyarsa ya zo ɗauka. Liman ya ce a ci gaba da rubutu, amma bai hana ba. Maigidana yana ta zanen ƙasa da tsinke.

Ni ce mai wanke akushinsa. Kullum yakan dawo an cinye gefe ɗaya tas, ɗayan ko yatsa bai taɓa ba, alhali ina jin sa yana cewa bai ƙoshi ba. Kuma duk wanda ya taɓa bugu, na lura ta hagu ya ɓullo masa.

Na aje ƙwarya na nufi wurin maza.

Na ce wa maigidana, "Malam, ba hauka ba ne. Hagu ce ta ɓace masa."

Ƙanen maigida ya yi dariya, ya ce idanunsa biyu a buɗe suke. Sannan ya ƙara da cewa, "Yaya, yau ke ce da bakinki a kan maganar wancan?"

"Ni ce. Ku taso."

Ban taɓa shiga ɗakin nan ba. Na zauna ta damansa da akushin tuwo. Da ya gan ni sai ya sunkuyar da kai, shi ma kunyar ta kama shi. Ya ci rabi ya ce ya ƙare. Na juya akushin a gabansu. Ya tsaya yana kallon tuwon, ya tambaya daga ina aka ƙaro, ya cinye. Na kira matarsa, na ce ta zo ta dama, ta yi magana kafin ta taɓa shi. Ya ɗaga kai ya ga leɓenta, ya ce wa ya yi mata haka. Yarinyar nan ta durƙusa tana kuka, ta ce ƙofa ce.

Ubanta ya sa takalmansa ya tafi shi kaɗai. Maigidana ya ce a sauke wa raƙumi sirdi, ya dube ni ya ce to, ya zama nawa.

Kada ku ce daga nan ya warke. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, muna abu ɗaya. Akwai ranakun da yake jifa da ludayi, akwai na kuka ba dalili. Ni da matarsa muka raba aikin, ita wanka da kwanciya, ni ci da tafiya a tsakar gida. Rijiya kam bai koma ba. Tufkar igiya na sa shi don hannun ya motsa, ita ta zama sana'arsa. Matan da na sha yi wa faɗa suka samu abin yi, kullum sai sun tambaye ni ina na aje kunyata. Su ke da gaskiya.

Har gobe ina cewa kunya abu ne mai kyau. Sai dai wanda ya bugu a ka yana bukatar mai zama kusa da shi ya dube shi da kyau, kafin a yanke masa hukunci.

Abin da na fi tunawa shi ne washegarin zaman nan. Na ga in na yi ta juya masa akushi, ranar da ba ni fa? Gara shi ya koyi juya wuya. Na dama kunu, na ratsa tsakar gida kowa na kallo, na zauna ta hagunsa. Na yi gyaran murya, shiru. Na ce "kai", shiru. Sai na kira sunansa. Ya yi nauyi a bakina kamar ba Hausa ba.

Ya fara juyowa a hankali, yana laluben inda muryar take, har idonsa ya same ni.

Ya ce, "Ashe kin san shi."

Na ce, "Na riga ka jin sa. Sha kununka, yana hucewa."