Sale Ya Ce "Shigo"

Ina zaune a shagon aski a unguwar Sharafiyya ta Jidda, Issufu mutumin Maraɗi ya ɗora min reza a wuya, sai muryar Sale ta fito daga kaset ɗinsa.

Ni da Sale ƙungiyar kiɗa ɗaya muka yi a Kaduna. Dogayen waƙoƙi muke yi irin na Turawa, jita ta yi ta tafiya ita kaɗai har mawaƙi ya sha ruwa ya dawo. Ni ne mai jitar. Sale, mawaƙinmu, ya ware ya yi suna, ni kuwa na ƙare ina tuƙa iyalin kafili, ubangidana Balarabe. Amma ba zan zalunce shi ba, muryarsa ta ƙara daɗi.

A tsakiyar waƙar ya ce, "Shigo!" Ganga kawai ta ci gaba.

Issufu ya ce, "Alhaji, kullum mutumin nan sai ya ce shigo. Wa yake kira ne da ba ya zuwa?"

Na ce, "Ni yake kira."

Ya yi dariya. "To yalla, shiga mana, ka bar bawan Allah a tsaye."

Da wannan "shigo" ɗin Sale yake ba ni fili a dandali. Ya tafi ya bar ni, amma bai ba kowa wurina ba.

Jitar tana ƙarƙashin gado, tsirkiyarta ta tsinke, yatsuna sun yi laushi. Duk da haka zan gyara ta, in naɗi kiɗana in aika masa, ko ya amsa ko kar ya amsa.

Mutanen Jidda, ina ake sayar da tsirkiyar jita?