Rafin Bayan Gonar Baba

A shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sashenmu na jami'a a Manchester ya rufe ɗakin taswirori, aka ce kowa ya ɗebi son ransa. Ni da ban taɓa wuce kayan banza ba, na shiga tono. Can ƙasan wata durowa na ci karo da garinmu: tsohuwar taswirar Turawan awo, ga kogi ya rarrabu kafin ya faɗa tafki, ga gonaki kewaye.

Lokacin Baba yana unguwar Small Heath a Birmingham wajen Yayana, wanda likita ne. Mantuwa ta fara taɓa shi. Kullum zancensa wani rafi da ke bayan gonarsa, wai da kwalekwale yake tsallakawa. Mu kuwa mun sha taka wurin, busasshiyar ƙasa ce fayau. Yaya ya sa rafin a jerin alamomin ciwo da zai kai wa GP, likitan da ke duba Baba. Baba ya gane, ya daina zancen, har hira ya rage. Shirun nan ya fi mantuwar ci mini rai.

Ranar Asabar na hau bas zuwa Birmingham, taswira a nannaɗe kamar tabarma. Na shimfiɗa ta a falo, Yaya yana cewa, “Ke dai da kwashe-kwashe. Wannan rubbish ɗin fa?”

Baba ya sauko daga kujera, ya juya takardar har gabas ta koma gabansa. Ya bi kogin da yatsa, ya wuce kasuwa, ya tsaya kan wani shuɗin layi mai tsinke-tsinke, daidai bayan gonar.

Yaya ya duba bayanin da ke gefe. Layi irin wannan, ruwa ne mai zuwa da damina kawai.

Sai a nan lissafin ya faɗo mana. Tun tasowarmu a Ingila, hutun Disamba kaɗai ake kai mu gida. Ba mu taɓa ganin garinmu da damina ba. Kunya ta rufe ni.

Baba ya dube mu yana murmushi. “Baƙin rani,” ya ce, “ku ne za ku faɗa mini inda ruwa yake?”

Yaya ya ciro takardarsa ta alamomin ciwo ya soke rafin. Sauran jerin yana nan, mun sani. Amma ranar, har shayi ya huce Baba yana tuƙa mu a kwalekwale cikin labari.